Akwatin fono: a auna kan allura kafin a auna aljihu

Faifai ya dawo hannun masu son kiɗa. Kamfanin Sahel Sounds na birnin Portland a Amurka ya buga waƙoƙin Mdou Moctar da Les Filles de Illighadad a kan faifai, ya kuma sake fitar da kiɗan Mamman Sani na shekarar 1978. Wanda ya ɗauki abin da zafi yakan tara kuɗi ya sayi na'urar juya faifai mai kyau da ampili da lasifika masu tsada. Idan aka zo kan ƙaramin akwatin da ke tsakanin allura da ampili, wanda ake kira fono, sai a ga mutum ya ɗauki na farko da ya gani, ko kuma mafi tsada a kantin, yana zaton tsada ce ke kawo daɗin sauti. A ganina duka biyun kuskure ne, domin kan allurarka ne ya kamata ya zaɓa maka akwatin.

Aikin akwatin guda biyu ne. Na farko, ƙara ƙarfin sigina, saboda abin da allura ke fitarwa ƙanƙane ne ƙwarai, bai kai abin da ampili ke jira ba. Na biyu, gyara sauti. Lokacin yanka faifai ana rage ƙananan muryoyi masu kauri don kada tsagin ya yi faɗi, a ƙara sirara don su rinjayi ƙarar roba. Ƙa'idar RIAA da aka tsayar a 1954 ce ta daidaita wannan, kuma bambancin ya kai kusan desibel 20 a kowane gefe. Akwatin fono ne ke mayar da komai mazauninsa. Shi ya sa idan ka jona na'urar faifai a ramin da aka yi don CD, sai ka ji sautin ƙasa-ƙasa, babu gangar ciki.

To, ga inda zaɓi ke farawa. Kawunan allura iri biyu ne suka fi yawa. Akwai MM, mai motsa maganaɗiso, kamar Ortofon 2M Red da ke fitar da milivolt 5,5. Irin wannan yana son a ninka ƙarfinsa kusan sau 100, wato desibel 40, da nauyin ohm dubu 47. Akwai kuma MC, mai motsa naɗin waya, kamar Denon DL-103 da aka ƙera don gidajen rediyon Japan, wanda ke fitar da milivolt 0,3 kacal. Shi kuwa sai an ninka kusan sau 1000, desibel 60, kuma galibi ana ba shi nauyin ohm 100 ko sama da haka. Idan ka sa DL-103 a akwatin MM, komai tsadar akwatin, za ka yi ta murɗa ampili har ƙarar shuu ta rufe kiɗan. Idan ka sa 2M Red a ramin MC, sauti zai cika ya fashe a wuraren da kiɗa ya yi ƙarfi.

Akwai wani lissafi da mutane ke tsallakewa: kafasitans. Kan MM yana jin nauyin wayar da ke ɗauke da siginarsa. Audio-Technica kan ba da shawarar pikofarad 100 zuwa 200 ga kawunanta na MM, kuma waya mai tsawon mita ɗaya tana iya cinye kusan 100 daga ciki. In akwatin ya ɗora nasa mai yawa a kai, sirarun muryoyi sai su yi kaifi su gajiyar da kunne. Don haka akwatin da ke barin ka sauya ƙarfi da nauyi da kafasitans ya fi wanda aka kulle a lamba guda, musamman ga wanda ke da niyyar sauya kan allura nan gaba.

Masu son akwatin kwalba, wato bawul, za su ce nasu ya fi ɗumi da zaƙi. Ba na musa cewa kunne da kunne sun bambanta. Amma kwalba tana zafi, tana tsufa, kuma ta fi turanzisto ƙara idan aka tilasta ta ninka sigina sau 1000, shi ya sa masu ƙera ta kan sa ƙaramar taransfoma a gabanta don kan MC. Wanda ke zaune a Maraɗi ko Damagaram ya tambayi kansa inda zai sami kwalbar canji ranar da ta mutu, da yadda za ta jure zafin bazara.

Sai batun wuta. A Nijar volt 220 muke da shi a hertz 50, Amurka kuwa volt 120 ne a hertz 60. Duk wanda zai sa a aiko masa da akwati daga can, ya duba abin da aka rubuta a jikin cajar kafin ya jona. Ya ɗaura wayar ƙasa ta na'urar faifai a maɓallin da aka tanada, ya nisantar da akwatin daga taransfomar ampili, ya sa na'urar daidaita wuta. Yawancin gurnanin da ake ɗora wa akwati laifinsa daga nan yake fitowa.

Shawarata ga mai shirin saye ita ce ya ɗauko takardar kan allurarsa, ya rubuta lambobi uku: ƙarfin fitarwa, nauyin ohm da kafasitans. Akwatin da ya dace da su, mai shiru idan babu faifai a kai, shi ne nasa. Kuɗin da ya rage ya sa a sabuwar allura da buroshin share ƙura, domin a ƙasar hunturu ƙura ce ke fara cinye faifai.