Waiwaye: Ɗan Ibro da Muryar Mutanen Karkara

Ranar Laraba, 10 ga Disamba, 2014, Allah ya yi wa Rabilu Musa Ɗanlasan rasuwa a Kano, saura kwana biyu ya cika shekara 43 a duniya. Sunansa na yanka bai yi tashe ba; Ibro kowa ya sani, ko Ɗan Ibro. Shi ba mutumin yankinmu ba ne. Ɗanlasan tana ƙaramar hukumar Warawa, can gabas da birni, mu kuwa Gwarzo da Kabo muna yamma, hanyar da ta miƙe zuwa Dayi a ƙasar Katsina. Amma ran nan, daga tashar Gwarzo zuwa majalisun Garo da Getso, sai ka ɗauka ɗan unguwa aka rasa. Masu shayi suna yi wa masu saye ta'aziyya, direbobi suna yi wa fasinja. Mutumin da yawancinmu ba mu taɓa yin musabaha da shi ba, me ya sa muka ji mutuwarsa haka? Don a bakinsa muke jin irin maganarmu.

An haife shi ranar 12 ga Disamba, 1971. Ya yi firamare a garinsu, ya wuce kwalejin horon malamai ta Wudil, sannan a 1991 ya shiga aikin gandiroba. Ya yi kusan shekara takwas yana sa kaki kafin ya ajiye, ya rungumi wasan kwaikwayo gaba ɗaya. A wancan lokaci harkar fim ɗin Hausa jaririya ce. Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta yi, a 1990 ya fito, sunan Kannywood kuma sai a ƙarshen shekarun 1990 aka raɗa shi. Barin albashin gwamnati don a je a riƙa ba mutane dariya a kaset, a idon iyaye na lokacin, wauta ce tsagwaronta.

Ibro bai faɗo daga sama ba. Ƙasar Hausa ta daɗe da masu wannan sana'a. Akwai 'yan kama, waɗanda ke zama kamar malamai suna jan baƙi da fassara, alhali tuwo da miya da nama suke wa'azi a kai. Akwai wawan sarki, mai faɗin abin da fadawa ke tsoron faɗa. Akwai tashe a watan azumi, inda yara ke kwaikwayon tsoho da gwauro da mai rowa. Akwai kuma wasan da ke tsakanin Kanawa da Zage-zagi, ko Fulani da Barebari, wanda ake faɗa wa juna baƙar magana a rabu ana dariya. Da rediyo da talabijin suka zo, aka sami irin su Usman Baba Pategi, Samanja Mazan Fama, tsohon soja da ya kwaso Hausar bariki ya zuba wa jama'a, da Kasimu Yero, da Karkuzu na Bodara. Abin lura, Samanja daga bariki ya fito, Ibro daga gidan yari. Duka biyun wurare ne da ake tara mutane daga kowane gari da kowace ƙabila, kowa da irin bakinsa. A ganina, wanda ke da kunne, ba makarantar da ta fi nan.

Wanda bai ga zamanin gidan kallo ba, da wuya ya gane girman Ibro a garuruwanmu. Rumfar kwano ce ko ta zana, da bencina, da talabijin ɗaya a kan teburi, janareta na kuka a baya. A ƙofa akwai allo, an rubuta finafinan ranar da alli. In an sa fim ɗin soyayya, na samari masu sheƙi da 'yan mata a falon da ba mu taɓa shiga irinsa ba, za a kalla, amma rabin benci hira ake yi. In aka rubuta Ibro, kafin a idar da isha'i wuri ya cika, yara na leƙe ta hujin zana. Da ya ɓullo, hula a karkace, riga ta fi ƙarfinsa, ya zare ido, tun bai buɗe baki ba an fara ƙyaƙyatawa. A cikin gidaje kuma mata ke aiken yaro ya karɓo hayar kaset, maƙwabta su taru a tsakar gida ɗaya, a kalla, a mayar baya, a sake.

Mutane da yawa suna zaton zare idon da shigar banzan su ne sirrin. A'a, muryar ce. Ka juya wa talabijin baya, ka saurara kawai, dariyar ba za ta ragu ba. Ya san yadda baƙauye ke jan magana in yana son ya ci bashi, da yadda murya ke sirancewa in mai bashin ya iso. Ya san yadda maigidan da ba shi da ko sisi ke ɗaga murya a ƙofar gida don maƙwabta su ji, da yadda take faɗuwa da zarar uwargida ta yi gyaran murya. Ya san karin malamin tsibbu, da na ɗan sandan kan hanya, da na dillali a kasuwar dabbobi. Waɗannan ba a karanta su a littafi, sai an zauna da mutane an kasa kunne. Tare da abokan wasansa irin su Tsigai, Kulu, Yautai, Katakore, Ɗan Gwari da Baba Ari, ya mayar da rigingimun da muke gani kullum, na kishiya, na gado, na iyakar gona, abin da za mu kalla mu yi wa kanmu dariya.

Muryar nan ta kai ga zama jari har ga wasu. Da yawa daga cikin waƙoƙin da aka sani da na Ibro, Sadi Sidi Sharifai ne ya rera su, yana kwaikwayon muryarsa, Ibro kuma yana hawa a fim. Dubban mutane sun yi shekaru suna saurare ba su rarrabe ba. Wannan ma gwaninta ce mai zaman kanta, kuma tana nuna cewa aikin murya sana'a ce da ake koyo, ake gogewa a kai.

Duk da haka, 'yan boko da 'yan birni sun daɗe suna yi wa irin finafinansa kallon hadarin kaji. Camama ake ce musu, ana nufin na ƙananan kuɗi, na ƙauyawa, waɗanda ake ɗauka a gurguje. Gaskiya ne kuɗin kaɗan ne, ɗaukar ma ba ta da kyau. Amma a tambayi 'yan kasuwar fim na Ƙofar Wambai da Bata wane kaya ne ba ya kwantai. Kuma Ibro bai tsaya a ƙauye ba, duniya yake kallo da idon baƙauye. Da kiɗan Awilo Longomba na Kwango ya cika gari, sai ga Ibro Awilo. Bayan harin 11 ga Satumba, 2001 a Amurka, sai ga Ibro Usama a 2002, da yaƙin Iraƙi ya zo kuma, sai ga Ibro Saddam. Abin da manya ke muhawara a kai da kumfar baki a rediyo, shi sai ya saukar da shi ƙasa, ya sa masa hular ƙauye.

Dariya ba ta rasa abokan gaba. Bayan dambarwar da ta girgiza Kannywood a 2007, Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, ƙarƙashin Malam Abubakar Rabo Abdulkarim, ta tsaurara. A 2008 kotun tafi-da-gidanka ta yanke wa Ibro ɗaurin wata biyu, a shari'ar da ta shafi fim ɗin Ibro Aloko. Tsohon gandiroba ya koma gidan yari, wannan karo a matsayin fursuna. Ya fito, ya koma bakin aikinsa, jama'a kuma ba su juya masa baya ba.

Ba za a ce ba shi da aibi ba. Yawan finafinan ya sa wasu maimaici ne kawai, an sauya suna an bar labari. Akwai kuma inda kwaikwayon Bafulatani ko Bagwari ko ɗan kudu ya zarce wasa ya kusa zama izgili. Wanda zai gaje shi ya kamata ya san wannan iyaka.

Kusan lokacin da ya rasu ne kasuwa ta juya. Kaset ya tafi, faifan CD ya bi shi, kallo ya koma waya. Yau a Gwarzo ko Kabo, shagon mai tura fim a waya ya maye gurbin gidan kallon da. Abin da ya fi tafiya a can kuwa shi ne finafinan Indiya da aka juya zuwa Hausa, irin na kamfanin Algaita da ke Kano. Masu shirya finafinan Hausa sun yi ta kokawa cewa fassarar ta kashe musu kasuwa. Amma a saurari abin da ke jan mutane: jarumi Ba'indiye, bakinsa kuwa na ɗan tashar Kano, da habaici da baƙar magana da karin magana. Ba a ganin fuskar masu wannan aiki, muryarsu kaɗai ke ci da su. Hanyar da Ibro ya share ce, ko sun sani ko ba su sani ba: Bahaushe zai yafe maka hoto maras kyau, ba zai yafe maka maganar da ba ta yi kama da tasa ba.

A nan darasin yake ga matasanmu da ke ɗaukar gajerun wasannin barkwanci suna sa wa a TikTok da YouTube. Wayar da ke hannunku ta fi kyamarar da aka ɗauki finafinan Ibro na farko kyau nesa ba kusa ba. Abin da ya rage muku shi ne kunnensa. Da yawa sun ɗauki zare ido da ihu, sun ƙara da zagi da shigar mata, suna zaton sun gaje shi. Wasu kuma kwaikwayon 'yan Legas suke yi, alhali abin dariya na gaske yana nan a gefensu, ba wanda ya taɓa shi. Ku je kasuwa ran da take ci, ku zauna kusa da dillalan awaki ku ji yadda ake taya da sallamawa. Ku saurari tsofaffi a gindin bishiya bayan la'asar, da kwandasta a motar Gwarzo zuwa Kano yana rigimar canji. Ku rubuta abin da kuka ji, ku gwada shi a bakinku har ya zauna. Ku yi dariya tare da mutanenku, kada ku yi musu dariya.

Mu kuma masu kallo, da jami'o'inmu irin su Bayero, da hukumomin al'adu na jiha, akwai namu nauyin. Kaset-kaset ɗin da ke ɗauke da waɗannan wasanni suna ruɓewa a kwali, alhali a cikinsu akwai Hausar karkarar Kano ta wani zamani da ba zai dawo ba. A tattara su, a adana, a saya daga hannun masu haƙƙi yadda iyalan 'yan wasan za su amfana. Kuma mu daina jira sai mai ba mu dariya ya kwanta dama kafin mu yarda sana'a yake yi. Allah ya jiƙan Rabilu Musa, ya gafarta masa, ya albarkaci bayansa.