A Bar Yaran Arewa Su Karanci Shimi

Duk shekara in sakamakon jarrabawar bak ya fito, tambayar iyaye a Dogon Dutsi ɗaya ce: wane karatu ne zai kai yaro biro? Wanda ya ce likitanci ko shari'a, sai a sa masa albarka. Wanda ya ce shimi, wato ilimin sinadarai, sai a taɓe baki a ce, "To, kai sai alli ke nan?" Ni da na tsufa ina koyar da wannan fanni, ina ganin kanmu muke cuta.

Mu tuna da Tibirin Gobir ta kusa da Maradi, takwarar Tibirinmu. A 1985 aka haɗa garin da ruwan wata rijiyar burtsatse, ruwa garau, ba wari ba ɗaci. Ashe sinadarin fuliyo ya yi masa yawa, ya zarce miligiram 1.5 a lita da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade. Fiye da shekara goma yara na sha, haƙora suka rine, ƙafafu suka lanƙwashe. Ido ba ya ganin wannan guba, sai gwajin masani.

Mu nan bakin Dallol Mauri muke, inda ruwa ke kusa da sama. Masu lambunmu na zuba takin ure da 15-15-15 a dankalin turawa, suna fesa maganin ƙwari da aka ɗuro cikin gorar da ba ta da ko takarda. Abin da shuka ba ta sha ba, ƙasa ke tsotsewa, ya gangara rijiyar da matanmu ke ɗiba. Wa zai auna mana, in ba ɗanmu da ya san kowace rijiya ba?

Wurin karatu akwai. Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai da ta Dan Dikko Dankulodo ta Maradi duk suna koyar da shimi: lisansi shekara 3, masta shekara 2. Wurin aiki ma akwai: matatar SORAZ ta Damagaram da aka buɗe a 2011, ma'adinan yuraniyom na Arlit, simintin Malbaza, da LANSPEX mai binciken magunguna da abinci. Gaskiya ne lisansi kaɗai ba ta cika buɗe waɗannan ƙofofi ba, sai an daure an ƙara gaba. Amma wane karatu ne yau ba ya son haƙuri?

Abin da ya fi damuna, yaranmu da yawa na gama lise ba su taɓa riƙe kwalbar gwaji ba. A allo suke haddace cewa ruwan ya sauya launi, ba su gani da idonsu ba.

Don haka ina kira ga magadan gari da ƴan Arewa mazauna Yamai da ƙetare: a haɗa hannu a sai wa makarantunmu kayan gwaji. Ku kuma iyaye, in ɗa ko ɗiya ta ce shimi take so, ku sa mata albarka ta tafi.