Kallo ya koma sama: masu yawon hamada a ƙananan jirage da mutanen da suke tsallakewa

Jama'a, akwai wata harkar yawon buɗe ido da ba kasafai ake ba da labarinta da Hausa ba, kuma gara mu santa tun kafin wani babban mutum ya zo mana da ita a matsayin sabuwar dabarar farfaɗo da Agadas. Masu hannu da shuni ne da ke sha'awar tuƙin jirgi, galibinsu Turawa, suke haɗa ayari irin na fatake. Maimakon raƙuma, ƙananan jirage ne masu farfela ɗaya, irin su Cessna 172 mai kujera huɗu. Jirgi goma, jirgi ashirin, su tashi ɗaya bayan ɗaya, su bi saman hamada ƙasa-ƙasa suna kallon tuddan rairayi, su sauka su kwana, gobe su ƙara gaba. Har madugu gare su, mai shirya takardu da zango da mai.

Ba jiya aka fara ba. Tun 1983 ake yin irin wannan ayari kusan duk shekara daga Tulus ta ƙasar Faransa zuwa Saint-Louis ta Senegal, ta Maroko da gaɓar tekun Murtaniya, ana bin sawun matuƙan jiragen wasiƙu na shekarun 1920. A 2016 kuma wasu suka ɗebo tsofaffin jirage na zamanin kakanni daga tsibirin Kirit na Girka za su Cape Town. Sun sauka kusa da dalar Giza a Masar ana ta tafi, amma da suka isa Gambela a Habasha sai hukuma ta tsare su na kwana biyu, ta ce sun shigo mata sararin samaniya ba bisa ƙa'ida ba. Ku riƙe wannan labari, za mu dawo kansa.

Inda harkar ta zauna da gindinta sosai shi ne Namibiya. Can ne ake tashi daga Windhoek ko Swakopmund a bi saman jan rairayin Sossusvlei, inda wasu tuddan suka haura mita 300, a bi gaɓar tekun da ake kira Skeleton Coast a ga gawar jirgin ruwan Eduard Bohlen da ya maƙale tun 1909, wanda yanzu yake kwance cikin yashi nesa da ruwa. Ƙasar faɗi gare ta, mutanenta ba su wuce miliyan uku da ɗan wani abu ba, kuma akwai ƙananan filayen sauka birjik a bakin masaukan baƙi. Wani abin da zai ba ku sha'awa: a shekara ɗaya, 2013, UNESCO ta sa tekun rairayin Namib da tsohon garin Agadas cikin jerin kayan tarihin duniya. Ɗaya yana karɓar baƙi ta sama da ta ƙasa, ɗayan kuwa maƙeran azurfarsa suna zaune suna jiran mai saye.

To shi ya sa idan mutum ya ga hotunan nan sai zuciyarsa ta ce: mu me ya hana mu? Muna da Tenere. Muna da duwatsun Abzin, da zanen raƙuman dawa na Dabous da aka sassaƙa a dutse dubban shekaru da suka wuce, da kufan Jado, da rijiyoyin gishirin Bilma da Fachi. Tafiyar da ayarin gishiri ke yi sama da sati biyu, ƙaramin jirgi zai yi ta cikin awa uku ko makamancin haka. Wallahi ta fuskar kyau ba mu da abin jin kunya gaban kowa.

Amma ni dai ba na cikin masu ɗokin abin, kuma ga dalilina.

Wanda ya san Agadas kafin 2007 ya san yadda yawon buɗe ido yake ciyar da gari. Lokacin sanyi jiragen haya na zuwa kai-tsaye daga Faransa, baƙi su sauka su hau Land Cruiser ko raƙumi su yi sati ɗaya ko biyu a daji. Ku lissafa bakin da ke ci a tafiya guda: direba, jagora, kuku, yaron mota, bakanike, mai raƙuma, mai lambu a Timia da ke sayar da lemo da rumman, matan da ke ɗinkin fata, maƙeri mai sarƙar azurfa, mai gidan kwana. Kuɗin Baturen nan yana tafiya ne a hankali, yana zuba a kowane zango kamar buhun da ya huje. Mano Dayak, wanda filin jirgin Agadas ke ɗauke da sunansa, da wannan harka ya yi suna kafin ya shiga tawaye. Tseren Paris–Dakar ma ya sha yada zango a garin. Tawayen 2007, da soke tseren Dakar a 2008, da sace ma'aikatan kamfanin yuraniyom a Arlit a 2010, su suka rufe wannan kasuwa. Direbobi da yawa suka koma jigilar 'yan ci-rani zuwa Libiya, sai dokar 2015 ta haramta hakan ita ma, har zuwa soke ta a ƙarshen 2023.

Shi kuwa mai ƙaramin jirgi, shi ne direban kansa. Jagorarsa na'urar GPS ce. Ba ya bukatar mai raƙumi, ba ya tsayawa rijiya, ba ya gaisawa da mai gari. Zai ga Tenere daga sama cikin sanyin safiya, ya ɗauki hoton inuwar ayarin gishiri a kan yashi, mutanen ayarin su ɗaga kai su ga abu ya wuce, shi ke nan. Mafi yawan kuɗin tafiyar an riga an biya shi a can ƙasarsu: hayar jirgi, inshora, ladan madugu. Abin da ke sauka ƙasa kuɗin filin jirgi ne da na kwana ɗaya.

Abin da ya fi damuna ma ba wannan ba ne. Me ya sa maganar jirgi za ta yi daɗi a kunnen hukuma a irin wannan lokaci? Saboda jirgi yana tsallake hanya. Hanyar Tawa zuwa Agadas zuwa Arlit, wadda aka gina don yuraniyom, kowa ya san halin da ta shiga. Mai zuwa Dirku ya saba jiran rakiyar soja. 'Yan fashi suna nan, kuma a 2025 an sace baƙi 'yan ƙasar waje a cikin garin Agadas kansa. A irin wannan hali, ɗauko mutum ashirin ta sama, a kewaye su da soja a filin jirgi, a ɗauki hoto a ce yawon buɗe ido ya dawo, abu ne mai sauƙi ƙwarai. Sai a sayar da kyan hamada ba tare da an gyara rayuwar da ke cikinta ba. Talakan da dole ya bi ƙasa yana nan da fargabarsa, sai dai yanzu an ƙara rage masa sojan da za su raka shi.

Kuma abin dariya, su kansu jiragen ba su tsira daga hanyar ba. Irin waɗannan ƙanana ba sa shan kananzir ɗin manyan jirage, wani fetur na musamman suke sha da ake kira afgas, wanda da wuya a same shi a filayen jirgin yankinmu. Dole a loda shi a duro a kai musu kowane zango tun kafin su iso. Wa zai kai? Direban babbar mota, ɗan gida, ta wannan hanyar dai da baƙin suka ƙi bi. Shi zai ɗauki kasadar, su su ɗauki hoton.

Sannan hamada ba ta san attajiri ba. Idan rana ta take, iska takan yi sako-sako, jirgi ya yi nauyin tashi, shi ya sa suke sammako. Idan hazo ya sauko kuwa, su da ido suke tuƙi, sai a rasa ina sama ina ƙasa. Thierry Sabine, wanda ya ƙirƙiro tseren Dakar bayan ya ɓace a hamadar nan a 1977, jirgi mai saukar ungulu ne ya faɗi da shi a Mali a Janairun 1986. Mano Dayak kansa haɗarin ƙaramin jirgi ne ya yi ajalinsa a Abzin a Disamban 1995. Duk ranar da jirgin baƙo ya ɓace tsakanin Fachi da Bilma, sojan ƙasa ne za su fita nema da man gwamnati. A sa wannan cikin lissafi tun yanzu.

Na san wasu za su ce ai duk 'yan leƙen asiri ne, a hana kawai. Ba zan ce zarginsu shirme ba ne. Yankin da ke da yuraniyom, aka gano zinariya a Jado a 2014, Amurka ta girke jirage marasa matuƙi a Agadas har sai da ta kwashe a 2024, dole mutanensa su riƙa ɗaga kai idan sun ji ƙara a sama. Amma a gaskiya wanda ke da tauraron ɗan'adam ba ya bukatar wani tsohon likitan haƙori a cikin Cessna ya leƙo masa. Maganin zargi ƙa'ida ce bayyananna: ta wane fili za ka shigo, wace hanya za ka bi, ina ne ba a ratsawa, kuma na'urar da ke nuna inda kake ta kasance a kunne. Abin da ya faru a Gambela darasi ne ta fuska biyu. Baƙo ba shi da ikon ɗaukar samaniyar Afirka kamar filin babansa, ita kuma hukuma ta faɗi sharaɗinta tun kafin a taso.

Idan har za a koyi wani abu daga Namibiya, to ba jiragen ba ne, dokar 1996 ce. Ita ta ba al'ummomin karkara damar yin rajistar yankinsu su mallaki amfanin namun daji da na baƙi. Yau akwai irin waɗannan yankuna 86, sun kai kusan kashi ɗaya cikin biyar na ƙasar. Mai son gina masauki a ciki sai ya zauna da mutanen wurin an sa hannu: kaso nawa za a ba su, 'ya'yansu nawa za a ɗauka aiki. Ba aljanna ba ce, su ma suna kukan cewa manyan kamfanoni ne ke kwashe romon, kuma yadda ake kai baƙi rugagen Himba a yi ta ɗaukar mata hoto abu ne da ba zan so a yi wa Abzinawa ko Tubawa ba. Amma aƙalla akwai takarda, akwai wanda za a riƙe.

Murtaniya kuma ta nuna abin da ake farawa da shi. Bayan kisan Faransawa huɗu a ƙarshen 2007 baƙi sun ɗauke ƙafa. Ƙasar ta yi shekaru tana aikin tsaron hamadarta, sannan a Disamban 2017 jiragen haya suka koma sauka a Atar, baƙi suka sake hawa mota da raƙumi zuwa Shingiti da Wadan. Tsaron ƙasa aka fara samu, jirgi ya biyo baya.

Don haka ni ban ce kada su zo ba har abada. In lokacin ya yi, a ce duk ayarin da zai ratsa Tenere sai ya kwana biyu aƙalla a Agadas ko Iferwan, ya fita da mota da jagoran gida, wani kaso na kuɗin sauka ya shiga asusun ƙaramar hukumar wurin a fili kowa ya gani, kuma ya zo da inshorar da za ta biya kuɗin nemansa in ya ɓace. A hana shawagi ƙasa-ƙasa a kan ayari da rijiyoyi da gandun Abzin da Tenere, wanda ke cikin jerin wuraren UNESCO da ke cikin haɗari tun 1992, don ƙarar injin na firgita raƙuma da ɗan abin da ya rage na barewa.

Tsofaffin jagorori da direbobin Agadas da ke nan tare da mu, ku kuka ci wannan kasuwa kuka ga mutuwarta. Ku faɗa mana, baƙo ɗaya a mota na kwana goma, gida nawa yake ciyarwa a lokacinku?