Wa Ke da Hanya a Cikin Jami'a?

Yau ba labari na kawo muku ba, wata 'yar magana ce da ta daɗe tana ci mini rai, kuma duk wanda ya taɓa zama a sabon mazaunin Jami'ar Bayero da ke titin Gwarzo zai gane inda na dosa.

Ni mutumin Kiru ne, kuma da dokar hanya iri biyu na tashi. Ta farko ta cikin gari ce. Idan yaro ya taho bisa keke ya iske dattawa a zaune, sauka yake yi ya tura kekensa har ya wuce su. Tun a makarantar allo aka koya mana cewa mahayi shi ke fara yi wa na ƙasa sallama. Ta biyu kuwa a Kwanar Dangora na koye ta, kan titin Kano zuwa Zariya, inda tirela ke korar bas, bas ta kori babur, babur ya kori keke, na ƙasa kuma ya yi ta kansa.

Da na sami gurbin karatu a 2006 na ɗauka ta farkon zan tarar, tunda gidan ilimi ne. Ashe ta biyun ce, sai dai an sa mata babbar riga.

A cikin jami'a ba wanda zai zaunar da kai ya karanta maka ƙa'idar tsallaka titi, amma kafin mako biyu ka haddace ta. Ka nemi idon direba, ka ɗaga masa tafin hannu, in ya sassauta ka wuce da ɗan gudu-gudu don nuna godiya. Hon gajere gaisuwa ce, dogo zagi ne. Walƙa fitila kuwa a nan ma'anarta “kada ka shigo, ga ni nan tafe”, alhali a Ingila yawancin direbobi da ita suke cewa “bismilla, wuce”. Mai keke shi ne jemage, ba ya cikin tsuntsu ba ya cikin dabba: masu mota na ganin ya tare musu hanya, na ƙasa kuma ba sa jin ƙararrawarsa sai ya zo wuya.

Abin da ya bambanta jami'a da Kwanar Dangora shi ne tsoro. Ɗalibi in ya hango mota, ba ƙarfen kaɗai yake gani ba, yana tunanin ko malamin da zai duba takardar jarabawarsa ne a ciki. Don haka ko yana tsakiyar farin zanen tsallakawa, ja da baya yake yi har da rusunawa. Da yawa daga masu motar ma ɗalibai ne 'yan uwansa, amma sun ci gajiyar wannan ladabin da ba nasu ba.

Kada mai karatu ya ce na wanke mu 'yan ƙasa. Mu ma da namu. Mukan jeru mu biyar a tsakiyar kwalta ana hirar ƙwallo, yanzu kuma ga waya a hannu, kunne a toshe. Ai ko malamin da ya fi kowa haƙuri sai ya danna hon.

Sai dai laifin ba ɗaya ba ne. Na ƙasa in ya yi kuskure, direba minti ɗaya ya rasa. Direba in ya yi, wani ƙafarsa zai rasa.

Wanda ya buɗe mini ido a kan wannan wani abokina ne makaho da ke karatu a sashen ilimin masu buƙata ta musamman. Wata ranar Litinin da safe na hango shi tsaye a bakin titi da sandarsa. Wani mai mota ya tsaya, ya yafuto shi da hannu ta bayan gilashi, da ya ga bai motsa ba ya ja tsaki ya wuce. Sai a lokacin na lura duk ƙa'idojin nan namu da ido ake yin su: haɗa ido, ɗaga hannu, walƙa fitila. Dokar da ba a rubuta ba ta mai ido ce da mai ƙarfin hali. Makaho da gurgu da baƙuwar ɗaliba 'yar ajin farko ba su cikin lissafinta.

Ra'ayina a nan ba mai wahala ba ne. Daga ƙofar jami'a zuwa ciki, hanya ta na ƙasa ce, sai mai keke, mai mota ya zo ƙarshe, ko da farfesa ne. Dokar tuƙi ta ƙasa ma ta bai wa wanda ya taka farin zane haƙƙin wucewa, kuma tun 1988 muke da hukumar kiyaye haɗurra da ke faɗar haka. Na san za a ce ɗabi'a ba ta canzuwa. To, a watan Afrilun 1972 Nijeriya kaf ta bar tuƙin hannun hagu ta koma dama a rana guda, tsofaffin direbobi ma suka saba.

Ni ma yanzu ina da 'yar motata. Ranar da na koma karɓar wasu takardu, wasu ɗalibai mata uku suka tsaya a bakin zane suna jira na wuce. Na taka birki, na sauke gilashi na ce, “Ƙannena, ku wuce mana.” Sai da suka kalli juna tukuna, sannan suka tsallaka da gudu, ɗaya na cewa, “Yi haƙuri, Malam.”