Waya Ba Ta Maye Gurbin Mai Masauki Ba

A zamanin da, in saurayi ya tashi daga Beri, ta ƙasar Kontagora, za shi Kurmi neman aiki, da sunan mutum yake tafiya. Ya san gidan da zai sauka, ko a Agege, ko a Shagamu, ko a Badun. Tun da aka kafa unguwar Sabo ta Badun a 1916, mai masauki ke tsaya wa baƙo a cinikin shanu da goro. Shi ya san mai biya da mai taurin bashi, in an ci amana kuwa, shi za a riƙe.

Yau kuwa, tun da wayar salula ta bazu daga 2001, saurayi yana zaune a gindin bishiya a Beri yana duba tallar aiki a Facebook da WhatsApp. Ba mai musun amfanin wannan. Shirin N-Power na 2016 ta intanet aka cika takardunsa, ba a biya ko kwabo ba, waɗanda aka ɗauka daga masu digiri kuma aka yanka musu naira 30,000 a wata. Tela da birkila da mai walda su ma sukan sami ciniki ta hanyar nuna hoton aikinsu.

Amma fa talla ba ta da fuska. Mazambaci yakan buɗe shafi, ya manna tambarin Kwastan ko na soja, ya ce gurabe kaɗan suka rage. Sai ya nemi kuɗin fom, sa'an nan na gwajin asibiti, sa'an nan na kaki, duka a asusun wani mutum. Ran da aka gama biya, ran nan waya za ta mutu. Kuɗin kuwa buhun masara aka sayar, ko akuyar tsohuwa.

Matsi ne ke jefa samari cikin wannan tarko. 'Yan bindiga sun raba mutane da yawa da gonakinsu a wannan yanki, ga shi kuma a watan Yuni 2022 an hana acaɓa a ƙananan hukumomi 6 na Ikko. Ba a manta da ranar 15 ga Maris 2014 ba, sa'ad da masu neman aikin Hukumar Shige da Fice, kowa ya biya naira 1,000, suka yi turmutsitsi, rayuka suka salwanta a Abuja da Fatakwal da Minna. Wanda yunwar aiki ta kai shi haka ba ya tsayawa bincike.

To, a nan ne nauyi ya hau kan 'yan Arewa mazauna Kurmi. Duk wanda ya tura talla zuwa zauren WhatsApp na garinsu, ya ara mata sunansa ke nan. Mutanen gida ba mai tallar suka yarda da shi ba, yayansu na Ikko suka yarda da shi. Watau ya zama mai masauki, ko ya sani ko bai sani ba.

Saboda haka lalle ne ya yi abin da masu masaukin da suke yi. Ya taka da ƙafarsa ya ga ofishin da aka ambata, gama gani ya kori ji. In an nemi kuɗi kafin aiki, ko lambar BVN ta waya, ya gargaɗi na gida, ya kai magana ga EFCC. In kuwa 'yan mata ake kira zuwa aikatau a ƙasar waje, NAPTIP ce wurin tambaya.

Har wa yau, ya kamata fadojin Sarakunan Hausawa, da ƙungiyoyin gari, da rassan jam'iyya na unguwanni, kowanne ya naɗa mutum guda mai ilmi wanda za a riƙa nuna wa talla kafin a yaɗa ta. Wannan ba ya cin kuɗi, amana kurum yake bukata. Allah ya raba talaka da mugun ji da mugun gani, amin.