Mu Gina Rumbu Tun Ruwa Bai Iso Ƙofa Ba

Mu da muka tashi a Yauri da Ngaski da Shanga, kogin Kwara ne ya goya mu. Shinkafar da muke ci, albasar da ake lodawa a mota zuwa kudu, kifin da iyayenmu mata ke banɗawa su biya mana kuɗin makaranta, duk daga bakin ruwan nan suke fitowa. Don haka idan ana zancen sauyin yanayi, zancen tukunyar gidanmu ake yi.

Kakanninmu sun san lissafin kogin nan. Sau biyu yake kawo ruwa a shekara: na damina da ke taruwa daga ruwan saman ƙasashenmu na kusa, sai na lokacin hunturu da ke tasowa tun daga duwatsun Gini, ya ratso Mali da Nijar kafin ya iso mu. Ko bayan da aka gama madatsar Kainji a 1968, aka tashi dubban mutane daga tsibirai da garuruwansu, manoma sun koyi bin ruwan: ya janye su shuka, ya dawo sun riga sun kwashe. Yanzu wannan lissafin yana ruɗewa. Damina ta makara, a yi shuka ta ƙone, sai kuma ruwan wata guda ya zuba cikin 'yan kwanaki.

Ba mu manta da 2020 ba. Ambaliya ta shanye kusan hekta 450,000 na shinkafa a Jihar Kebbi, jihar da ƙasa ke alfahari da ita wajen shinkafa. A 2022 ambaliya ta kashe mutum fiye da 600 a faɗin Najeriya. Shekarar 2024 ita ce mafi zafi tun da aka fara ajiye lissafin zafin duniya. Dalilin ba boyayye ba ne: hayaƙin man fetur da kwal da gas yana riƙe zafi a sararin sama, iska mai zafi kuma tana ɗaukar danshi da yawa, shi ya sa take busar da gona da sauri, in ta tashi zubarwa kuma ta zubar ba ƙaƙƙautawa.

Abin bai tsaya kanmu ba. A Yulin 2023 Indiya, wadda ta fi kowace ƙasa sayar da shinkafa a waje, ta hana fitar da wani nau'in farar shinkafarta don ta tsare wa mutanenta abinci, farashi ya tashi a kasuwannin duniya. Darasin a fili yake: ranar da yunwa ta ƙwanƙwasa, kowa gidansa zai fara rufewa. Wanda ya dogara da jirgin ruwa ya kawo masa tuwo, zai kwana da yunwa.

Wani zai ce, "Mu me muka yi? Afirka duka ba ta fitar da ko kashi huɗu cikin ɗari na hayaƙin nan." Gaskiya ne, kuma manyan ƙasashe suna da bashin da za su biya. Gaskiya ne kuma cewa 'yan bindiga sun raba mutane da yawa da gonakinsu. Amma ba ƙasar waje ce ta sare itatuwan dajinmu ta yi gawayi ba, ba ita ke jefa taru mai ƙananan ido ta kwashe har 'ya'yan kifi ba. Wani kuma zai ce, "Ikon Allah ne." Mun yarda Allah ne mai iko. Sai dai mu tuna da Yusufu a Masar: da aka nuna masa shekaru bakwai na yunwa, bai naɗe hannu ba. Ya tara hatsi a shekarun ƙoshi, har waɗanda suka sayar da shi suka ci daga rumbunsa. Bangaskiyarsa ce ta gina rumbun.

Mu ma an yi mana gargaɗi. Kowace shekara hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina, hukumar NIHSA kuma tana faɗin inda ambaliya za ta iya aukuwa. Wayoyin da muke kwana a kai muna kallon Facebook, me zai hana mu karanta wa iyayenmu wannan da Hausa bayan sujada? Mu nemi iri mai nuna da wuri. Mu daina sayar da komai da kaka a wulaƙance, sannan mu saye shi da tsada a watan Agusta. Kowace zumunta ta ware buhu biyu ko uku a ajiye don gwauraye da marayu da duk maƙwabcin da ruwa ya ci gonarsa, Kirista ne ko Musulmi, domin yunwa ba ta tambayar addini. Wanda ya sare itace ɗaya, ya dasa biyu, ya kuma ba su ruwa har su kama.

Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A taronmu na gaba, kowa ya zo da abu ɗaya da zai fara kafin ruwan farko ya sauka. Ubangiji ya ba mu hikima da hannu mai bayarwa. Amin.