Kuɗin "Taimako" a Makarantun Kuɗi

Tun bayan da gwamnati ta karɓe makarantun mishan a shekarun 1970, iyaye da yawa a ikilisiyoyinmu suka koma ga makarantun kuɗi domin 'ya'yansu su sami shiga jami'a. Wani ya sayar da masararsa tun kaka, wata ta kwashe adashinta na zumuntar mata, duk domin kiredit 5 a WAEC ko NECO, har da Turanci da Lissafi.

Akwai makarantu masu riƙon amana, mun gode wa Allah dominsu. Amma iyaye suna kawo kuka cewa a waɗansu, da yaro ya kai ajin ƙarshe sai a nemi "kuɗin taimako", wato a rubuta wa ɗalibai amsa a allo ranar jarrabawa. Yaron da ya ƙi, abokansa su mai da shi abin dariya. Wanda ya karɓa kuwa ya san babansa ne ya biya, wataƙila ma dattijon ikilisiya ne mai karɓar baiko ran Lahadi.

Wannan sata ce, dokar 1999 ma ta hana. Kafin ku biya kuɗin zango mai zuwa, ku zauna da yaranku ku tambaye su yadda 'yan ajin ƙarshe suka rubuta jarrabawarsu bara.